Illar Maganin Farfaɗiya: Nasiha ga Ƙannena

Ƙannena maza da mata, a gidajenmu da dama ku ake aika kemis, ku kuke karanta rubutun da ke jikin kwali, ku kuke riƙe katin asibiti ku tuna wa mutanen gida ranar komawa. Wasunku kuma ku ne marasa lafiyar da kanku, kuna haɗiyar ƙwaya safe da dare ba tare da 'yan ajinku sun sani ba. Don haka maganar magungunan farfaɗiya taku ce kafin ta zama ta kowa. Magungunan nan suna aiki, kuma suna da illa, duk wanda ya musa ɗaya daga cikin biyun kada ku saurare shi. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda illar da likita zai iya gyarawa a zama ɗaya take sa yaro ko yarinya su ajiye magani a ɓoye, ba wanda ya sani, sai ranar da aka tsamo su daga wuta ko daga bakin rijiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna ƙasashe irin namu. Ba abin mamaki ba ne, don abubuwan da ke bar wa ƙwaƙwalwa tabo suna nan a ƙofar gidanmu: zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, doguwar naƙuda da jariri ya sha wuya, haɗarin babur ba hular kwano. Hukumar ta kuma ce har kashi 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya zama lafiya lau, ba faɗuwa, in an gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Ku riƙe wannan adadin a ranku, don zan ambaci abubuwa masu tayar da hankali, kuma ba na so tsoro ya sa wani ya saki abin da ke riƙe da shi.

Illar tana fitowa ne daga yadda maganin ke aiki. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wata 'yar wutar lantarki, kowace a lokacinta. Farfaɗiya tana tashi idan wani gungu daga cikinsu ya ɓarke a lokaci ɗaya ya ja sauran. Aikin magani ya rage musu wannan zafin. To amma ƙwayar da aka haɗiya ba ta san hanyar da za ta kai ta wurin ciwon kaɗai ba. Jini ne ke ɗaukar ta ya zaga da ita ƙwaƙwalwa duka, ya bi da ita ta hanta da fata da ɓargo, in mace na da ciki har wurin ɗan tayi. Kamar maigida ne ya daka wa yara masu hayaniya tsawa a tsakar gida: masu hayaniyar za su yi tsit, amma wanda ke gefe yana karatunsa shi ma sai muryarsa ta yi ƙasa. Shi ya sa barci da jiri da nauyin kai suka fi komai yawa a kusan dukkan magungunan.

Wanda ya fi tsufa a cikinsu, ya kuma fi araha, shi ne fenobabiton, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sani da Gardénal. Asalinsa ma maganin barci ne. A shekarar 1912 wani matashin likita a Jamus, Alfred Hauptmann, ya riƙa ba masu farfaɗiya shi don su samu barci da dare, sai ya lura faɗuwar tasu ta ragu. Fiye da shekara ɗari ke nan yana ceton rayuka, amma bai bar halinsa na asali ba. Yaron da aka fara ba shi zai zauna a Islamiyya da allo ko littafi a cinya, kansa na rinjaya gaba yana dawowa, yawu na neman zubo masa. Shafin da da yake haddacewa tsakanin Magariba da Isha'i yanzu sai ya kwana uku a kansa. Malam ya ga lalaci, ya ɗauko dorina. A gida a ce tun da ciwon nan ya kama shi ya zama dolo. Shi kuwa yaron ya san daga ranar da ya fara shan farar ƙwayar nan kansa ya yi nauyi, sai ya fara ɓoye ta a ƙarƙashin harshe yana tofarwa a bayan ɗaki. A ƙananan yara kuma wani lokaci akasin haka maganin ke yi, yaro ya koma ƙiriniya da kuka da rashin zama wuri ɗaya, a yi ta dukansa a kan abin da ba shi da iko da shi. Idan ƙaninka ne wannan, kai ne ya kamata ka je ka sami malam ka yi masa bayani cikin ladabi, sannan ka gaya wa likita. Sau da yawa jiki yana sabawa bayan 'yan makonni, kuma likita na iya mayar da shan maganin zuwa lokacin kwanciya, ko ya rage adadin, ko ya sauya wani.

Kabamazafin, wato Tegretol, ya fi kawo jiri da gani bibbiyu da tangaɗi, musamman in an fara da yawa ko an ƙara da sauri. Shi ya sa likita ke farawa da kaɗan yana ƙarawa a hankali, kuma kuskure ne mai jinya ya ga kamar an yi musu rowar magani ya ƙara da kansa. Fenitoyin, wanda ake sayarwa da sunan Epanutin, yana sa dasashi ya kumbura har ya fara hawa kan haƙora, ya riƙa jini, kuma yana iya fito wa mace da gashi a fuska. Yawan goge baki da buroshi ko asuwaki yana rage kumburin. Wani halin nasa kuma shi ne ƙari kaɗan kan iya sa ya yi yawa a jini ƙwarai, mutum ya riƙa magana harshe na karyewa yana tafiya kamar wanda ya sha abin maye.

Keppra sabo ne idan aka kwatanta da waɗannan, a shekarar 1999 aka amince da shi a Amurka, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya wajaba a samu a kowace ƙasa. Bai cika rikici da sauran magunguna ba, amma yana taɓa hali. Yarinya mai sanyin rai sai ta koma mai saurin fushi, magana kaɗan ta fashe da kuka ko ta ɗaga wa mahaifiyarta murya, abin da ba ta taɓa yi ba. Mutanen gida su ce rashin kunya ce, wasu su ce mutanen ɓoye ne suka dawo ta wata ƙofar. Ita kanta tana mamakin kanta. A kan wannan zan roƙe ku abu ɗaya da babbar murya. In wanda ke shan kowane irin maganin farfaɗiya ya shiga ƙunci, ya daina shiga mutane, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada ku tsaya a kan yi masa faɗa. Tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi a kan irin wannan tunanin a jikin magungunan farfaɗiya. Ku zauna kusa da shi, ku karɓi ajiyar ƙwayoyin a hannunku, ku kai shi asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba.

Yawancin abin da na ambata zuwa nan illa ce da ake kai ƙararta wurin likita ana ci gaba da shan magani. Akwai wadda ba ta jira, kuma ita ce na fi so ku sani. Tana zuwa ne galibi cikin makonni takwas na farko bayan fara sabon magani, musamman Tegretol da Epanutin da fenobabiton da wani mai suna Lamictal. Takan fara kamar mura: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ido ya yi ja yana raɗaɗi. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jajayen ƙuraje su feso a fuska da ƙirji. A baƙar fata ba lallai su yi ja sosai ba, sukan yi duhu-duhu, in an taɓa mara lafiya ya ce zafi yake ji. Leɓe ya tsattsage ya yi ɓawon jini, cikin baki ya yi gyambo har ruwa ya gagara haɗiya, fitsari ya riƙa ƙuna. In aka ci gaba da ba da maganin sai fata ta yi bororo ta fara saluɓewa kamar wanda ruwan zafi ya ƙona. Wasu likitocin yara biyu a Amurka, Stevens da Johnson, su suka bayyana wannan ciwo a 1922, kuma da sunansu ake kiransa har yau. Yana kisa, wanda ya tsira kuma yana iya rasa ganinsa.

Ba kasafai yake faruwa ba, amma inda ya faru a wurinmu jinkiri ne ke ƙara masa muni. Tsohuwar gida ta duba ta ce ƙyanda ce ko ƙarambau, a bari ta gama fitowa, a shafa wannan a jiƙa wancan, ana kuma ci gaba da ba shi ƙwayar da ta jawo abin safe da dare, don an ce kada a kuskura a tsallake. Ku ne za ku haɗa lissafin da ita ba za ta haɗa ba: yaushe aka fara sabon maganin, yaushe ƙurajen suka fito. In tsakaninsu bai wuce wata biyu ba, kuma akwai zazzaɓi ko gyambon baki ko jan ido, kada a ƙara haɗiyar wata ƙwayar kafin likita ya gani, kuma ganin likitan a ranar ne, ko da tsakar dare, a ɗakin taimakon gaggawa, da kwalin maganin a hannu. A can ne za su ba shi wani maganin da zai tsare faɗuwa a madadinsa. Bayan an warke a rubuta sunan maganin a kati da manyan baƙaƙe, kada a sake shan sa har abada, a kuma gaya wa duk likitan da aka je wurinsa, don wanda Tegretol ya yi wa haka, Epanutin da fenobabiton ma suna iya yi masa. Haka nan idan ido ya koma rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa da ciwon ciki mai tsanani, ko haɓo da tabon jini a fata ba tare da an bugu ba, asibiti za a nufa a ranar. Na san in an ga ido ya yi rawaya jiƙon shawara ake fara nema, amma a jikin mai shan waɗannan magunguna hanta ce ke neman agaji, kuma jiƙo ƙarin kaya ne a kanta.

Yanzu bari in juyo gare ku, 'yan mata, da ku samarin da za ku aure su.

Akwai magani mai suna balfurowet, wanda a Nijeriya aka fi sani da Epilim, a Nijar kuma Dépakine, kuma kamfanoni da dama suna yin sa da wasu sunayen. Yana cikin mafi ƙarfi wajen tsare faɗuwa, akwai ma nau'in farfaɗiyar da ba abin da ya kai shi. Yana sa ƙiba da zubar gashi da rawar hannu, yana rikita al'ada, waɗannan kaɗai sun isa su sa budurwa ta tsane shi. Amma babbar maganarsa tana ga ciki. A cikin jariran da uwayensu suka sha shi da juna biyu, kusan 1 cikin 10 ana haifarsu da nakasa, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya ko tsagar ganda ko matsalar zuciya, alhali a sauran jama'a abin bai wuce 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Kashi 30 zuwa 40 cikin 100 kuma suna samun jinkirin magana da tafiya da wahalar karatu, wasu har galahanga. A Faransa, inda aka fara sayar da shi a 1967, hukumomin lafiya sun ƙiyasta a 2017 cewa yara tsakanin 2,150 da 4,100 ne aka haifa da babbar nakasa a dalilinsa, kuma iyaye mata da yawa sun ce ba wanda ya taɓa faɗa musu haɗarin. Faɗi-tashin waɗannan iyaye yana cikin abin da ya sa a 2018 ƙasashen Turai suka hana ba macen da ke iya ɗaukar ciki shi sai da tsari na musamman na kare ɗaukar cikin. Daga farkon 2024 Birtaniya ta ƙara tsaurarawa, ba a fara ba duk wanda bai kai shekara 55 ba shi, mace ko namiji, sai ƙwararrun likitoci biyu sun amince babu wani da zai yi.

Ku dubi namu halin. An fara ba yarinya Epilim tana 'yar shekara tara, ya karɓe ta, faɗuwa ta tsaya, kowa ya yi hamdala. Shekaru suna tafiya ana sayo shi a kemis da tsohon kwali, ba a koma asibiti ba don ai lafiya ta samu. Ta kai munzali, aka sa rana, aka yi biki, wata biyu sai ga ciki. Ƙashin bayan jariri yana rufewa ne cikin makonni huɗu na farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da cikin ba, balle ta fara zuwa awo. Wata kuma tsoron kada ango ya ga kwali a cikin kayanta ne zai sa ta zubar da maganin kafin a kai ta, don an ɓoye wa danginsa ciwon, sai ta faɗi a gaban murhu a satin farko. Na biyun ɓoyo ne ya jawo shi, kuma na san ɓoyon ba daga mugunta yake ba. Iyaye suna tsoron a fasa auren 'yarsu, don har yanzu akwai masu ganin ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta cin abinci a kwano ɗaya, abin da ba shi da tushe ko kaɗan. Duk da haka ra'ayina shi ne a faɗa wa mai neman aure gaskiya kafin a karɓi sadaki. Wanda zai gudu ya gudu tun ana waje. Wanda ya tsaya, shi ne zai riƙa tuna mata lokacin magani.

Ƙanwata, in kina shan maganin farfaɗiya, ki je ki ga likita tun ana maganar sa rana, ki tambaye shi kai tsaye ko maganinki ya dace da mai neman haihuwa. Sauya magani yana ɗaukar watanni, ba a yin sa a satin biki. Binciken da hukumar magunguna ta Birtaniya ta fitar a 2021 ya nuna Lamictal da Keppra sun fi sauran sauƙi ga ɗan tayi, kuma likita zai rubuta miki ƙwayar folik asid ki fara tun kafin ciki ya shiga. In kuma kin riga kin samu cikin kina kan Epilim, kada firgita ta sa ki ajiye shi yau. Faɗuwa mai tsanani tana iya halaka ke da abin da ke cikinki. Ki ci gaba da sha, ki ga likita cikin kwanakin nan. Mafi yawan mata masu farfaɗiya suna haihuwar 'ya'yansu lafiya ƙalau, suna shayar da su, suna ganin aurensu.

Wani abin da ba a cika faɗa wa ma'aurata ba shi ne Tegretol da Epanutin da fenobabiton suna sa hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri fiye da ƙa'ida. Ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a dantse suna raunana a jikin mai shan su, sai ciki ya shiga ana zaton an tsare. Allurar wata uku da robar da ake sawa a mahaifa ba su da wannan matsalar. Haka maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem yake raunana tare da Tegretol da Epanutin, haka ma wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. Wasu kuma akasin haka suke yi, kamar ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka da maganin ƙwayoyin cuta eritromaisin, su sa Tegretol ya taru a jini har mutum ya riƙa layi. Ba sai kun haddace waɗannan sunaye ba. Abin da ake so shi ne duk inda za a rubuta muku magani ko a sayar muku, ko na mura ne, ku buɗe baki ku ce, "Ina shan maganin farfaɗiya, ga kwalinsa."

Tramol kam ku yi nesa da shi. Yana tayar da jijjiga ko a jikin wanda bai taɓa farfaɗiya ba in ya sha da yawa, balle mai ita. Kuma tun da maganar ta zo nan, ba zan wuce ban ambaci masu lafiyar da ke shan magungunan jijiya don jin daɗi ba. Exol an yi shi ne don masu ciwon rawar jiki da masu fama da sanƙarewar jiki a dalilin maganin taɓin hankali. Yana busar da baki, ya dushe gani, ya riƙe fitsari, ya hana gumi a cikin zafin nan namu, in ya yi yawa mutum ya riƙa ganin abin da babu. Lyrica na ciwon jijiya ne da farfaɗiya, jiki yana kamuwa da shi, kuma in ya haɗu da Tramol ko kodin yana iya tsayar da numfashi. Mara lafiya yana haƙuri da illa don akwai abin da yake samu a madadinta. Mai lafiyar da ya sha, illar kaɗai ya saya da kuɗinsa.

Me ke faruwa in an ajiye magani kwatsam? Ƙwaƙwalwar da ta saba da shi wata da watanni takan tashi da ƙarfin da ya fi na da. Faɗuwa ta riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, mutum bai farfaɗo daga wannan ba wata ta zo. Jijjigar da ta wuce minti biyar ba ta tsaya ba, ba ta gida ba ce, ana iya rasa rai ko ƙwaƙwalwa ta samu lahanin da ba ya gyaruwa. Fenobabiton yana cikin waɗanda suka fi haɗari a wannan fannin. An gudu daga gyangyaɗi an faɗa abin da ya fi shi, an gudu ba a tsira ba.

Kuma ba illa kaɗai ke sa a ajiye ba. Akwai rashin kuɗi, wanda ba abin kunya ba ne. Na fi so ka dubi likita ka ce, "Likita, wannan ya fi ƙarfin aljihunmu," da ka karɓi takarda ka yi godiya, ka je ka riƙa raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata. Mai araha da ake sha kullum ya fi mai tsada da ake sha yau a rasa gobe. A sayo wani tun na hannu bai ƙare ba, a wurin da aka amince da shi, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Akwai kuma mai maganin da zai ce sai an ajiye na asibiti nasa zai ci. Addu'a da ruƙiyya ba su taɓa faɗa da ƙwaya ba, a yi su a kuma sha magani, amma duk wanda ya sa sharaɗin a daina na asibiti, ba shi zai kwana da ku a ɗakin gaggawa ba. Sai azumi. Mai farfaɗiya ya ga likitansa tun cikin Sha'aban. Wanda ke sha sau biyu a rana sau da yawa ana iya daidaita masa da sahur da buɗa-baki, wani kuma likita zai ce azumin zai cutar da shi, kuma Shari'a ta yi wa mara lafiya sauƙi, sai a haɗa maganar likita da ta malami. Rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, don haka hirar dare har sahur ba taku ba ce. In an manta ba a sha ba, kada a ninka na gaba. Wanda kuma ya shekara biyu ko fiye bai faɗi ba, likita na iya duba yiwuwar janye maganin, a hankali, cikin watanni. Shawarar tasa ce tare da ku, ba a yanke ta a zaure.

Na san yadda layin asibiti yake, ko a Asibitin Malam Aminu Kano ne, ko Shika, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri, ko manyan asibitocin Yamai da Damagaram. Ka fito tun asuba, in an kira ka mintoci kaɗan ne, likita ya ce "Yaya jiki?" ka ce "Da sauƙi," don haka aka tarbiyyantar da mu. Wannan "da sauƙi" ta cuci mutane da yawa. Likita ba ya kwana a gidanku, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku sayi ƙaramin littafi na makaranta ku riƙa rubuta ranar da aka fara kowane magani, ranar da aka faɗi, da duk wani sauyi da aka gani, ko barci ne ko fushi ko ƙiba ko rikicewar al'ada. In ciwon ya tashi kuma akwai wanda ke kula da mara lafiyar, wani ya ɗauki bidiyo a waya don likita kaɗai, yana taimaka masa ya gane nau'in farfaɗiyar, don maganin da ya dace da wani nau'in yana iya tsananta wani. Kafin ku tashi daga kujera ku tambaya wace illa ce za ku yi haƙuri da ita, wace ce kuma za ta sa ku dawo da gudu. In kunya ta hana ki faɗa wa likita namiji abin da ya shafi al'ada ko aure, ki nemi nas mace ko mai ba da magani ki faɗa mata. A Nijeriya NAFDAC tana karɓar rahoton illar magani, har da ta manhajar waya mai suna Med Safety, kuma mara lafiya ko ɗan'uwansa na iya aikawa da kansa.

In akwai wanda kuka sani ya ajiye maganinsa a ɓoye, ko yake sha yana ƙunci bai faɗa wa kowa ba, kada ku tona shi a gaban jama'a, kada kuma ku yi shiru. Ku same shi shi kaɗai, ku tambaye shi abin da maganin ke yi masa, ku raka shi asibiti cikin makon nan da duk kwalayen da yake sha. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.